Furen da Ya Tsiro a Gindin Randar Inna

Shekarun baya can, tun Bature na riƙe da ƙasar nan, lokacin da jirgin ruwa ke hawowa Lau da damina ya kwashi kaya, ni dillalin fata da ƙirgi ne a Jalingo. Ban gaji sana'ar ba. Mahaifina marini ne, daga Kano ya zo ya kafa karofi, ya rasu bai bar mana komai ba sai sunan kirki. Da fatar akuya na fara, har na kai ina hawa dutsen Mambila da 'yan alaro, su sauko mini da ƙiraga in kai kantin Turawa. Duk wanda ya san ni a kasuwa zai gaya muku ba na sayen abin da ban san wanda zan sayar wa ba. To, ni ɗin nan ne na yi kusan shekara ina bautar wani tsiro da ba a ci, ba a sha, ba a kai shi kasuwa.

Mahaifiyata ba 'yar nan ba ce. Tana ƙarama mahara suka sauko da ita daga duwatsun kudu, tun kafin zuwan Bature, ta tashi a gidan wasu mutane a garin nan har mahaifina ya aure ta. Ba ta san sunan ƙauyensu ba, ba ta kuma son a tambaye ta. Idonta na dama agana ta tafi da shi tun tana budurwa. Na hagun ne ya yi mata hidima duk rayuwarta, shi ma a lokacin da nake ba ku labari yanar ido ta fara rufe shi. Zare ya daina shiga mata allura. In na shigo gida sai na yi magana take tabbatar da ni ne.

Da damina ta ja baya ina shirin hawa dutse, na je ɗakinta yin sallama. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Mai fata take ce mini.

Na ce, "Inna, gobe zan kama hanya. Me zan riƙo miki?"

Kullum amsarta ɗaya ce, in dawo lafiya. Ran nan sai ta kama murza bakin zanenta.

"Mai fata, akwai wani fure."

"Fure kuma?"

"A jikin dutse yake fitowa, inda ruwa ke tsattsafowa, inda rana ba ta kaiwa. Ganyensa da gashi-gashi, da laushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Furen dogo ne, bakinsa a buɗe kamar 'yar ƙaramar algaita. Launinsa irin na rawanin nan da babanka ke bugawa da shuni."

"Magani ne?"

"A'a."

"To, miya ake yi da shi?"

"Kai komai sai an ci? So nake in gan shi. Idon nan ba zai jira ni ba."

Tun da nake da ita ba ta taɓa roƙona komai ba, ko goro. Na ce in Allah ya yarda za ta gan shi. Na faɗa ne kamar yadda nake faɗa wa mai sayen fata, ina ganin abu ne na ɗauko da kawowa.

A kan dutse ina da mai masauki, wani dattijo da ke tara mini ƙiraga. Da na kwatanta masa abin da nake nema, dariya ya yi har da buga cinya.

"Dillali, tun daga Jalingo ka hawo don ciyawa? Ko Bature ya fara saye ne ban ji ba? Gaya mini farashi tun maƙwabta ba su farga ba."

Duk da haka ya kai ni. Muka gangara wani kwazazzabo mai sanyi, ruwa na ɗiga daga saman dutse, ga su nan a manne cikin gansakuka. Lokacinsu ya kusa wucewa, fure kaɗan ya rage, amma ina gani na gane. Ban san Inna ta iya kwatance haka ba. Na tone masu kyau da ƙasarsu, na jera a kwando, na rufe da ganyen ayaba. Dattijon yana kallona. Can sai ya tsinko wasu siraran kwanso daga jikin tsofaffin, ya ƙunshe a bawon masara ya miƙo mini.

"Riƙe wannan ma. Wancan naka ba zai kai ba."

Na karɓa don kada ya ji kunya, na jefa a aljihu.

Gaskiyarsa. Muna sauka Serti zafi ya tare mu, ganyen ya kwanta kamar alayyafon da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Kafin mu kai Bali kwandon ya fara wari, har 'yan alaro, mutanen da ke kwana da ɗanyen ƙirgi a ka, suka ce ba sa ɗauka. Na shigo Jalingo da ribar fata mai kyau da kwandon taɓo.

Na shiga ɗakin Inna. Na ciro ƙunshin nan na sa mata a hannu, ta shafa. Kwanson murɗaɗɗe ne, kamar igiyar da aka tufka. Na fasa ɗaya a tafin hannuna in ga irin, sai na ga wani gari-gari da ya fi kwalli laushi. Na matso da fuska in duba da kyau, numfashina ya kwashe rabi.

Na raba kwanson biyu, na ba ta rabi ta ajiye, na ce rabin ya ishe ni. Duk ɗan Jalingo ya san shuka, ni ma ina da gona a hanyar Kona. Na zaɓi wuri a bayan gida inda rana ta fi samu, na kafce, na zuba kashin awaki, na yi rami na binne na take da diddige, yadda ake yi wa gero. Safe da yamma ina kwarara masa ruwa da tulu. Rani ya zo ya wuce ina ban ruwa. Abin da ya fito mini zaƙi-banza ne da ƙaya.

Matata takan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Maigida, gonar nan ta yi albarka. A gaya wa maƙwabta su zo gayya, ko mu kaɗai za mu iya girbin?"

Ina jin ta, ina ta ban ruwana. Abin da ke damuna ba dariyarta ba ce. Da bazara ta shigo, Inna ta daina bambance farar kaza da baƙa a tsakar gida.

Yanzu bari in gaya muku yadda randa take a ɗakin tsofaffinmu, don 'yan yau ba su san ta ba. Ba a ajiye ta a ƙasa haka kawai. Yashi ake ɗebowa daga rafi a tara a kusurwar ɗaki, a kewaye da fasassun tukwane, a dasa randar a kai. Tana tsattsafo a hankali, yashin ba ya bushewa, ba ya kuma jiƙewa jagab. Duk gidan babu inda ya kai wurin nan sanyi. Haske na shigowa ta ƙofa, amma rana ba ta taɓa sauka a kai. A wata 'yar tsaga ta bango, daidai saman randarta, Inna ta cusa nata rabin kwanson, ta manta.

Bayan ruwa ya sauka, wata safiya matata ta shiga yi wa Inna shara, sai na ji tana kira.

"Maigida! Zo ka ga wanda ya fi ka noma."

Kwanson ya warware murɗinsa da kansa a cikin tsagar, ya zubar da garin a kan yashi. Ga wani kore-kore nan ya bazu a gindin randa da jikin fasassun tukwane, ƙanana, kan allura ya fi su girma. Ba wanda ya binne su, ba wanda ya zuba musu taki, ba wanda ya kwarara musu ruwa a ka. Na tsuguna ina kallo. Ashe duk gatan da na yi wa nawa a bayan gida, shi ne ya kashe shi.

Ko a nan ban gama nuna gwaninta ba. Da suka ɗan tasa, sai na lura kowanne ganye biyu ya fito da su, amma ɗaya ya tsaya cik, ɗayan ya yi ta faɗi. Ni kuwa aikina ke nan, ware kaya. In fata ta zo da tabo ko ta karkace, gefe take komawa. Na zauna na fara cire karkatattun don masu lafiya su sami wuri. Na yi nisa kafin in gane ban ga mai lafiyar ko ɗaya ba. Inna ta ji motsina.

"Me kake tsinka?"

"Naƙasassun, Inna. Kunne ɗaya gare su."

Ta lalubo hannuna ta buge. Rabon da ta buge ni tun ina yawo ba wando.

"Haka Allah ya yi su! Tashi daga nan. Kai da kunnuwanka biyu me ka ji?"

Waɗanda suka tsira daga hannuna, matata ce ta ɗaga su da bakin gashin kaza, ɗaya bayan ɗaya, ta dasa a kasake da ruɓaɓɓen ganye na gindin mangwaro gauraye da yashi. Ta jera kasaken a kan jiƙaƙƙen yashin don su riƙa sha ta ƙasa. Ita da ke yi mini dariya, ita ta koma mai gadinsu. Kaza ta leƙa ɗakin sai ta sha muciya. Suka yi kara, suka yi ganye, da gashi-gashin nan da Inna ta faɗa. Kullum da safe sai ta shafa su kafin ta karya.

Ana tsakiyar damina sai ga mai aikin ido ya sauka a garin, irin masu yawo gari-gari suna ture yanar ido da tsinken ƙarfe. Na bi sawun aikinsa kamar yadda nake bin sawun kaya kafin in saya. Wani tsoho a Barade da aka daɗe ana jan sa da sanda, na gan shi yana tafiya masallaci shi kaɗai. Wata mata kuma daga Iware, idon ya kumbura ya mutu gaba ɗaya. Na auna, na ga masu dacewa sun fi yawa. Na kawo shi gida.

Ya buɗe idon Inna da yatsa, ya juya fuskarta wajen haske, ya ce yanar ta nuna, yanzu ne lokacinta. Bai ɓoye mana komai ba.

"Iya, aikina biyu ne. Ko ya buɗe, ko ɗan abin da ya rage ya tafi. Allah ke zaɓa, ba ni ba. In an bar shi kuwa, tafiya zai yi a hankali."

Inna ta ce, "Na ji. A bari furena ya buɗe tukuna."

Ya waiwayo ya dube ni. Na ce masa ya ɗan jira a zaure.

"Inna, wace irin magana ce wannan? In aka dace, ba fure ɗaya ba, gari duka za ki gani. Za ki ga jikokinki."

"In ba a dace ba fa?"

"Mu sa rai da alheri."

"Mai fata, kai ɗan kasuwa ne, in ka faɗi yau gobe ka ci riba. Ni ido ɗaya gare ni, shi ma saura ƙiris. Jikokina na gan su, na san fuskar kowa, tana nan a ajiye. Wannan kuwa tun ina 'yar mitsitsiya rabona da shi. Ga shi a ɗakina ya kusa. Ba zan kai ɗan abin da ke hannuna caca ba."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo mata ƙawayenta. Ba ta motsa ba. Na koma wurin mai aikin na yi masa tayin da ban taɓa yi wa kowa ba, ya zauna a gidana, ci da sha a kaina, har lokacin da ta shirya. Ya yi haƙuri da ni har ƙarshen wata, sannan ya ɗaure jakarsa.

"Dillali, ana jirana a Muri. Na taɓa jiran mai haihuwa, na taɓa jiran mai azumi. Jiran fure dai ban iya ba."

Ranar da ya tafi, ko toho babu a jikinsu. Na raka shi bakin gari na dawo, na wuce ta ƙofar ɗakin Inna ban leƙa ba. A raina na gama lissafi, an yi faɗuwar da ba a mayarwa.

Ba a daɗe ba siraran sanduna suka miƙo daga tsakanin ganye, kowanne da 'yan ƙulle-ƙulle a rataye. Daga nan kwanaki suka yi mana nauyi. Tohon na kumbura a hankali, idon na rufewa a hankali, ba mu san wanda zai riga wani ba. Da safe nakan tsaya a bakin ƙofarta in ɗaga hannu in ce, "Inna, me na riƙe?" Da farko takan ce hula, ko buta. Daga baya ta koma cewa, "Na ga dai kana tsaye." Jirgi ya zo Lau, na tura kaya da wani ban bi ba, abin da ban taɓa yi ba. Abokan sana'a suka riƙa tambaya ko ciwo nake. Me zan ce musu? In ce ina gida ina gadin ciyawa?

Wata safiya an kwana ana ruwa, gari ya waye fes. Matata ta fito daga ɗakin Inna, ba ta yi kira ba wannan karon, da hannu ta yafuto ni. Guda ɗaya ya buɗe. Launin nan ne sak, na rawanin da ya sha shuni, can cikin maƙogwaronsa da ɗan fari.

Na ɗauko kaskon da hannu biyu. Muka zaunar da Inna a bakin ƙofa, hantsi na bayanta. Ta karɓa ta kawo shi dab da fuska, ta karkata kai, tana neman ɗan gefen idon da ya rage. Ta kai shi dama, ta dawo da shi hagu. Can sai hannunta ya tsaya.

"Ga shi nan," in ji ta. "Shi ne."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsu biyu ta kama furen ta zare shi daga gindinsa.

Na ce, "Inna!" Wata da watanni muna jira, guda ɗaya tak, ta tsinke.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya shi ta zura a kan ɗan ƙaramin yatsanta, ya zauna kamar hula. Ta ɗaga yatsan tana lanƙwasa shi, yana gaisuwa.

"Haka muke yi," ta ce. "Kowane yatsa da hularsa. Sai mu yi ta gaishe da juna, har a kira mu."

"Ku da wa, Inna?"

"Ni da yayata. Ita ke hawa ta tsinko, ni ina tsoron santsi."

Ina da 'ya'ya har sun tasa, ran nan na fara jin mahaifiyata tana da 'yar'uwa. Na tambayi sunanta. Bakinta ya yi ta motsi, sannan ta girgiza kai. Sunan bai zo ba. Matata ta juya ta shige madafa, na ji tana fyace hanci.

Sauran suka yi ta buɗewa har ƙarshen damina, Inna ta samu ta cika yatsun hannu guda, jikoki na kewaye da ita suna dariya. Kafin a kai dawa rumbu idon ya rufe gaba ɗaya. Mai aikin ido bai sake biyowa ta Jalingo ba sai bayan ta rasu. Ta yi shekaru a cikin duhu, ina jan ta zuwa rana da safe, ina mayar da ita inuwa. Sau ɗaya na tambaye ta ko tana da-na-sani. Ta ce, "Da na bi taka, da wataƙila ina ganin bangon ɗakin nan. Na san shi ai."

Har yau ban iya cewa ta yi daidai ba. Ni mutumin lissafi ne, in aka sake kawo mini cinikin nan gobe, na san abin da zan zaɓa wa kaina. Amma idon nata ne, ita ta san abin da take so ta saya da shi, ta saya, ban kuma taɓa jin ta nemi a warware ba. Abin da na koya ke nan, in koyo ne. Na daina yi wa mutum farashin abin da ke ransa.

Bayan nan na ci gaba da hawa dutse shekara da shekaru. Duk ƙauyen da na sauka, in an gama cinikin ƙirgi, sai in nemi tsofaffin mata in tambaya ko akwai wadda aka taɓa ɗauke wa ƙanwa tana ƙarama, wadda suke wasan sa fure a yatsa tare. Na ɗauka alama ce da za ta kai ni gida ɗaya. Ashe duk 'yan matan dutsen sun yi wasan, kuma babu ƙauyen da ba a ɗauke wa wani ba. Tsofaffin sukan kama fuskata su juya ta wajen haske su duba, wata ta ce hancin ya yi kama, wata ta ce a'a. Su kawo mini tuwon masara, in ci, in yi godiya, in ɗaura kayana.

Yanzu ƙafa ta ƙi, hawan dutse ya fi ƙarfina. In na zauna a zaure da yamma na kalli kudu, nakan riƙa bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya a raina. Mai yiwuwa a cikinsu na zauna a tabarmar yayar Inna, na ci tuwonta, na ce mata sai wata shekara, na tafi.